Kason Kyanwa a Bakin Rami

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu saurare ta.

Kyanwa ce da mijinta Muzuru, suka ajiye 'ya'yansu a cikin wani tsohon rumbu. Ita busasshen kifi take ci, ɗan cikin tafin hannu, ta kora da ruwa. Shi kuwa man shanu yake lasa har wuyansa ya ɓace.

Ya ce, "Uwar yara, ci mana! Kin koma tsinke."

Ta ce, "Bar ni, maigida. Jikin nan akwai aikin da ke jiransa."

Ran nan mafarauta suka cinna wa daji wuta don korar gafiyoyi. Wutar ta kama rumbu da 'ya'yan a ciki, ta tare ƙofa, ba sauran hanya sai wani rami da gafiya ta haƙa. Muzuru ya cusa kai, tumbi ya hana shi wucewa.

"Wayyo 'ya'yana!"

"Ja baya, maigida."

Sai ta sulale ciki kamar ruwa a rairayi. Ta miƙo ɗa, ta koma cikin hayaƙi, ta miƙo wani. Muzuru na karɓa, yana cewa, "Ashe wannan ne aikin!"

Tana turo autan, jinka ta rufta a kanta.

Har yau busasshen kifi Muzuru yake auna wa kansa da 'ya'yan, ɗan cikin tafi. Yakan ware kaso guda a bakin ramin, ba mai taɓawa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na ajiye ta.