Taku Bakwai na Gidan Kwan

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Can ƙasar Sin, a kan wani dutse da gajimare ke kwanciya a gindinsa, akwai gidan wata zuri'a da ake kira Kwan. Gadonsu faɗa ne da hannu da ƙafa, wanda ake ce wa kunfu. Kakan kakansu ne ya ga Gauraka tana kauce wa saran maciji a bakin tafki, ya roƙe ta, ta koya masa taku bakwai. In suna yinsa da sassafe a kan raɓa, sai ka rantse mafarki kake.

Gizo ya ji labari, ya hau zarensa, iska ta lula da shi har Sin. Ya ce a koya masa. Aka ce, "Na 'yan gida ne." Gizo kuwa kun san halinsa, in bai sha ba sai ya zubar.

Ya sauko daidai kunnen maigida, ya ce, "Ka koya wa ɗanka duka, gobe ya kayar da kai gaban jama'a? Ɓoye ɗaya." Maigida ya ɓoye, ya mutu da shi. Saura shida. Ɗan ya girma, Gizo ya raɗa masa, saura biyar. Jikan ma haka, saura huɗu.

Huɗun nan 'yar jikan, Shulan, ta gada wajen ubanta. Kullum in ta kai taku na huɗu, sai ƙafarta ta tsaya a sama tana neman wurin sauka, babu. Da wannan baƙin ciki ta tsufa, ba ta da magaji sai jikarta Yinhuwa. Ta koya mata uku, sai ga Gizo.

"Iya, yarinyar nan ta fi ki ƙarfi fa. Ɓoye ɗaya."

Tsoro ya kama Shulan, don ita ma ba ta son faɗuwa. Ta gangara tafki wajen Gauraka.

"Ranki ya daɗe, ki maido mana ukun da suka ɓata."

"Abin da na bayar ba ya hannuna."

Washegari ta koma. "Ko ɗaya?"

"Je ki tambayi kabarin ubanki."

Rana ta uku ta iske Gauraka tana rawa da 'yarta a kan ruwa. 'Yar ta juya, ta kai mata fiffike, uwar ta faɗa ruwa tsundum.

Shulan ta ce, "Ba ki ji kunya ba?"

Gauraka ta karkaɗe jiki ta ce, "Kunyar me? Ai fiffikena ne ya kayar da ni."

Shulan ta hau gida, ta tara mutanen dutse, ta koya wa Yinhuwa taku na huɗu, ba ta rage ko ƙyas ba. Ta ce, "Zo ki gwada a kaina."

"Iya, ke fa?"

"Zo, na ce!"

Yarinya ta juya sau ɗaya, sai ga tsohuwa kwance a ciyawa. Gizo ya leƙo don ya ga ta sha kunya. Shulan na kallon gajimare tana dariya, hawaye na gangara cikin kunnenta.

Ta ce, "Wayyo Baba, da ka san daɗin faɗuwar nan, da ba ka tafi da naka ba."

Huɗun suka tsira. Ukun kuwa suna ƙarƙashin ƙasa har yau. To kun ji, ilimin da ka hana ɗanka, garar kabari ka bar wa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wanda ya riga kamawa nasa ne.