Yunwar da Aka Ba Malam Ajiya

Yau wata biyar ke nan babu Malam. Dardumar da yake zama a kai tana nan a naɗe a jikin bango, kuma har yanzu in na bi ta ƙofar ɗakin karatun bayan la'asar sai in ji ƙafata ta tsaya da kanta. Allah Ya jiƙan Shehinmu, masanin Allah, ma'abocin tsentseni da gudun duniya, wanda ya shekara arba'in yana karantar da Alƙur'ani da fiƙihu ba a taɓa jin ya ɗaga wa ɗalibi murya ba. Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba, a sahun baya nake zama ina sauraro. Manyan ɗalibansa za su rubuta iliminsa. Ni abin da ya faru a gidana kawai zan faɗa, kuma Allah shaida ne ban ƙara komai ba.

Maiɗakina, uwar 'ya'yana huɗu, ƙiba ta kai ta inda ba ta iya hawa matakala uku ba ta huta ba. Ciwon suga ya kama ta, gwiwoyi suka ƙi, barci ma a zaune take yi, don in ta kwanta numfashinta ɗaukewa yake. Likitar da ke duba ta ta ce sai an yi mata aikin rage tumbi, amma ba za ta sa wuƙa ba sai an fara sauke kilo goma sha biyu, domin kitse ya kumbura hanta har ta rufe wurin da za a yi aikin. Sau biyu aka sa rana, sau biyu ta hau sikeli aka ce mu koma gida. A na biyun likita ta cire tabarau ta dube mu, ta ce, "Mako takwas na ba ku. In aka sake haka zan cire sunanta, kuma ban sani ba ko zuciyarta za ta jira wata shekarar."

Yayar maiɗakina ta tattaro kayanta ta tare a gidanmu, ta karɓe girki. Da ƙaramin kofi take auna komai: romon ganye, dafaffen ƙwai, ɗan yankin kifi da bai kai tafin jariri ba. Ta sa wa kwabar abinci kwaɗo ta rataya makullin a wuya. Duk da haka mako biyu suka wuce sikeli bai motsa ba.

"Ke wai iska kike haɗiya take zame miki kitse?" in ji yayar.

"Yaya, ki bar ni da abin da ke damuna."

"Ko kuwa gidan nan akwai ɓeran da shigo da kaya yake yi maimakon ya fitar." Yayar tana faɗa tana kallon rufin ɗaki, ni kuwa na duƙufa ina gyaran ƙafar kujerar da lafiyarta lau.

Ɓeran ni ne. Da zarar an yi azahar yunwa take taso mata, jikinta ya ɗauki rawa, ta riƙe hannun rigata tana hawaye ta ce, "Baban yara, ko loma ɗaya." Shekara ashirin da uku ban taɓa barinta da yunwa ba, da wannan nake tinƙaho a cikin maza. Saboda haka kullum nakan sayi burodi da soyayyen nama in naɗe a takarda, in ɓoye ƙarƙashin zarto a akwatin aikina, in miƙa mata sa'ad da yayar ta shiga salla.

Wata Talata bayan karatu na jira kowa ya watse, na matsa na durƙusa gaban Malam, Allah Ya haskaka makwancinsa. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, addu'a nake nema wa iyalina, Allah Ya sauƙaƙa mata nauyin nan."

Bai ɗago daga littafin da ke gabansa ba, ya ce, "Za mu yi addu'a. Amma fara ciro abin da ke ƙarƙashin zarton."

Akwatin yana can bakin ƙofa wajen takalma, a rufe, kuma naɗin na gobe ne na saya a hanya, ita kanta ba ta san da shi ba. Na je na ɗauko na ajiye a gabansa, kaina a ƙasa.

Ya ce, "Kukanta ne ba ka iya ji, shi kake toshewa. Kanka kake tausaya wa."

Na ce, "Malam, wallahi yunwar ta fi ƙarfinta."

Leɓunansa suka yi motsi da addu'a, sannan ya ce, "To ka ce mata ta ba ni ajiyarta, ina da wuri. Abin da likita ta rubuta kuwa, kada a ƙara, kada a rage."

Da na koma gida na zaunar da su biyun na faɗi gaskiya. Yayar ta ce, "Dama na sani. Tun yaushe zarto ya fara warin albasa?" Maiɗakina kuwa da ta ji saƙon Malam sai ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ta ce, "Yunwa ake bayarwa ajiya kamar akuya?" Daga baya ta nutsu ta ce, "Na ba shi. Allah Ya ba shi ikon riƙewa."

Washegari azahar ta zo ta wuce ba ta kira ni ba. Ta sha ɗan kofinta ta ce ya isa. Haka jibi, haka gata. Yayar ta yi mako guda tana zazzage akwatina a tsakar gida kafin ta haƙura. Maiɗakina ta fara taka ƙafa daga ɗaki zuwa ƙofar gida, sannan zuwa bakin titi, tana dafe da kafaɗata tana tsayawa a gindin kowane turken lantarki. A waɗannan makonnin mun ga Malam ya rame, hannunsa yana rawa in zai buɗe shafi, muka ce tsufa ne. Kan kafinta bai kawo komai ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi ta hau sikelin asibiti. Nas ta duba, ta sa ta sauka ta sake hawa, sannan ta rubuta: kilo goma sha uku sun tafi. Bayan kwana tara aka yi aikin, Allah Ya sa aka dace. Da ta cika wata uku da aikin ta kai goshinta ƙasa a sujada, bayan shekara shida tana salla a kan kujera, kuma sai da yara suka ɗauka wani abu ne ya same ta saboda daɗewar da ta yi ba ta ɗago ba.

Sauran labarin ba mu ji shi ba sai da Malam ya koma ga Ubangijinsa. Maiɗakina ta je ta'aziyya wurin iyalinsa, dattijuwar da duk muke kira Inna. Da ta faɗi ko ita wace ce da saƙon da Malam ya aika mata, Inna ta kama hannunta ta ce, "Ashe ke ce mai ajiyar." Ta ba ta labarin cewa mako shida cur Malam yana cin abincinsa yadda ya saba, amma da an yi azahar sai wata irin yunwa ta kama shi har ya jingina da bango gumi yana zuba. In ta kawo masa abinci sai ya ce, "Mayar, ba tawa ba ce. In na ciyar da ita na ci amana." Sai wata Alhamis da hantsi ya rufe littafinsa ya ce, "Alhamdu lillahi, an sauke," ya nemi kofin madara ya sha. Inna ta tambaye shi ta wace ce, ya ce mai ita ba ta buƙatar ta san nauyinta.

Ya Allah, bawanka ya ɗauki yunwar da ba tasa ba don 'ya'yana kada su zama marayu. Ka ciyar da shi daga 'ya'yan itacen Aljanna, Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ka sa albarkarsa ta bi zuriyarsa da ɗalibansa, har da na sahun baya. Ka ba duk mai jiran aiki a asibiti haƙuri da lafiya. Ɗan'uwa mai karatu, don Allah kada ka ajiye takardar nan ba ka taya ni da amin ba.