Ma'ajin da Ya Ɗaure Mariƙi da Waya

An yi wani mutum a wani ƙauye nan kan duwatsunmu na Butha-Buthe. Ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa. Shi ne ma'ajin 'yar ƙungiyar da ke koya wa yara zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ba mai karɓar albashi a cikinta. Iyaye mata ke soya fanke su gasa masara a bakin hanya, abin da aka samu a damƙa masa.

Kuɗin nan aikinsu ɗaya ne. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka a watan Yuni, lokacin hunturunmu, a kai katakan zamiya gari a gyara mariƙansu, wato ƙarfen da ke kama takalmi. Kun dai san aikin mariƙi: ya riƙe ƙafa, in yaro ya faɗi ya sake ta.

A wata shekara ya ga wani ragon ulu a kasuwa, ransa ya biya. Ya ɗebi kuɗin ƙungiyar ya saya, ya ce a ransa aro ne, in an aske tumakinsa ya mayar. Mariƙan da suka yi sako-sako kuwa, ya zauna bayan garke ya ɗaure su tamau da waya, ya shafe da mai.

Mme Malineo, wato Inna Malineo, shugabar matan, ta juya katako ɗaya, ta kira shi da Ntate, wato Baba a harshenmu, ta ce, "Ntate, anya wannan ya ga gari kuwa?"

Ya ce, "Haba Mme, tsaya a fankenki! Ja ki ji, ko doki ba zai fizge shi ba."

Ya 'yan uwa, wa ya fi gudu a yaran nan? 'Yarsa ce, Puseletso. Ta gangaro, ta ci karo da dutse, ta faɗi. Katako ya murɗa, mariƙi ya ƙi saki, gwiwa ta tashi aiki. Sai da aka nemo filaya aka warware wayar a gaban jama'a, yana tsaye.

Ragon ya tafi a kuɗin asibiti, garken ya bi shi. Iyaye suka janye 'ya'yansu, ƙungiya ta mutu. Yarinyar kuwa, har yau in ya shigo ɗaki, sai ta ja bargo ta rufe ƙafar.

Wanda ya ci amanar 'ya'yan mutane, wa ya ba shi tabbacin nasa ba sa cikin layi? Kuɗin jama'a ba a aronsu a ɓoye, sata ce.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye 'ya'yanmu daga aikin hannunmu. Amin.