Ludayin Ladingo

Tun kafin a kewaye garuruwa da ganuwa, an yi wata Basarkiya, 'yar masunta, mai suna Ladingo a gaɓar wani gulbi, cikin dajin da dorina ke kiwo da rana tsaka. Makaɗa na yi mata kirari: Ladingo mai mashi guda, in kin jefa a ɗora tukunya!

A gulbin akwai gurbi mai zurfi, inda wani kifi ke taruwa da faɗuwar damina don ya zuba ƙwai. Mai-zane ake ce masa, domin bayansa tamkar ƙwaryar da aka yi wa zane da wuta. Tun kaka da kakanni, ba a taɓa gurbin sai ƙwan ya ƙyanƙyashe.

To, yayanta Nomau shi ne Sarkin Ruwa, mutum ne mai son a yaba masa. Surukansa suka zo, yana son ya cika su da kifi, ya ga su da ragar koma da mashi zai ɓata masa lokaci. Sai ya sa aka daka magimfa, ganyen nan mai bugar da kifi, turmi bakwai, aka tuttule a gurbin. Kai, wannan rashin ta-ido!

Da hantsi Ladingo ta tarar da ruwa ya yi fari fat da cikin kifi. Ranta ya ɓaci. Ta faɗa ciki ta yi ta lalube, ta samo biyu masu sauran numfashi, namiji da mace cike da ƙwai, ta saka su a gora.

Nomau ya ce, "Kawo babbar, ta baƙi ce."

Ta ɗebo ruwan gurbin a ludayi ta miƙa masa. "Sha, Yaya."

Ya kau da kai.

"Tir! Ka ƙi kurɓa ɗaya, amma ka ɗura wa kifin jikokinmu turmi bakwai? Wallahi sai dai ka ci ni."

Ta ɗauki gorarta ta nausa daji. Kwana uku tana tafiya, tana zuba wa kifin ruwan shanta, leɓenta na tsagewa. Da ruwan ya ƙare, macen ta soma birkicewa, Ladingo ta caka mashinta a gindin wani dutse da dukan fushinta. An ce nan take ruwa ya ɓulɓulo, ta saki kifin a ciki. A nan ta kafa bukka, gari ya biyo baya.

Bayan damina tara Nomau ya iso, ya rame, yana roƙon irin kifin, domin gurbinsa ko kwaɗo babu.

Ba ta ce masa sannu ba. Ta ce, "Ka zo da ruwan gurbin naka?"

Ya zo da shi a salka. Ta cika ludayi, ya shanye a gaban jama'a. Sannan ta ba shi kifi biyu rak.

Har yau a Gurbin Ladingo ba a jefa koma sai Sarkin Ruwa ya sha ludayi guda na ruwan a idon kowa. Ranar da ya yi jinkiri, a ranar ake tuɓe shi.