Ranar da Gizo Ya Toshe Ƙoƙon Magana

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Wata shekara aka yi fari, tafki ya ƙafe. Dabbobi suka taru a gindin tsamiya su yanke inda za a haƙa rijiya. Ƙarfin haƙa ɗaya tak ya rage musu, in aka kuskure wuri sai mutuwa.

Tun kakanni suna da ƙoƙon magana mai ɗan huji a gindi. A cika shi da rairayi, mai riƙe da shi ya yi magana, kowa ya yi shiru. Rairayi na ƙarewa, sai a sake cikawa a miƙa wa na kusa.

Gizo ya karɓa da farko, ya faki ido ya toshe hujin da yanarsa. Ya ce, "A haƙa a ƙofar gidana!" Ya yi ta zuba har hantsi.

Kura ta ce, "Wai wannan mai ƙafar tsinken ba ya gajiya?"

Tsoho Kunkuru ya ce, "Haƙuri, rairayi bai ƙare ba."

Azahar ta yi, Gizo na yabon kakansa. Biri ya yi tsaki. Kunkuru ya ce, "Rairayi bai ƙare ba."

La'asar ta yi, 'ya'yan Barewa suka fara suma. Kunkuru ya leƙa ƙoƙo, ya ga rairayi bai ragu ba.

Ashe Hawainiya ta juya ido ta hango yanar. Ƙoƙo ba ya hannunta, don haka ba ta ce uffan ba. Ta tako a hankali, ta miƙa harshe ta fizge yanar. Rairayi ya zube shaaa!

Zaki ya zabura ya nufi Gizo, "Yau sai na murƙushe..."

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙoƙo bai iso ka ba." Zaki ya koma ya zauna.

Ta kusa da Gizo kuwa Gara ce, wadda ba a taɓa jin muryarta ba. Aka cika ƙoƙo aka miƙa mata. Ta ce, "Ni dai ban iya magana ba. Amma ƙasar da nake gini da ita, daga gindin gawo nake ɗebo ta, kuma da danshinta."

Rairayinta ko rabi bai zube ba. Ƙoƙo ya zagaya, kowa ya ce gawo.

Aka haƙa, aka haƙa, aka haƙa. Ruwa ya ɓulɓulo! Aka fara ba 'ya'yan Barewa, suka buɗe ido.

Da ƙoƙo ya dawo hannun Gizo, aka ce, "To, sarkin zance, bismilla."

Ya ce, "Ƙishi nake ji." Aka yi dariya, aka ba shi ya sha.

To kun ji, yara. In an zauna shawara, a bar kowa ya faɗi tasa, don wani lokaci rijiyar tana bakin mai shiru.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙusu, na miƙa muku ƙoƙo.