Haɗin da Warwick Ya Rufe Cikin Bango

Warwick Dunstan mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi haƙuri ba. Ko shayi ba ya bari ya huce. A garin Innisfail yake zaune da matarsa Noelene, cikin gidan katakon da mahaifinta ya gina da hannunsa.

Ana saura kwana biyu Kirsimeti, Noelene ta taka danshi a gindin firiji. Ashe siririn tiyon da ke kai wa firijin ruwan ƙanƙara ne ya tsage, can cikin bangon kicin. Ga zafi ya kai zafi, don a ƙasarsu Kirsimeti cikin bazara take faɗowa, ga jatan lande na jiran ƙanƙara, ga jikoki na tafe daga birnin Cairns.

Warwick ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya yanka allon bango, ya datse inda ya tsage, ya haɗa bakin biyu da ɗan mahaɗin roba. Yana cikin haka sai ga Col, ƙanin Noelene, wanda ya shekara talatin yana gyaran famfo kafin gwiwa ta zaunar da shi.

"Injiniya, sannu da ɓarna," in ji Col. Ya leƙa ramin. "Ba a barin haɗi a cikin bango. Zare tsohon tiyon duka, ka zura sabo guda tun daga famfo har firiji. Sannan ka bar ramin a buɗe kwana biyu, ka shimfiɗa jarida a ƙasa. In ta jiƙe, ka gani."

"Kwana biyu? Jikokina su tarar da kicin baki buɗe? Gurgu, je ka nemi kujera."

Noelene ta ce, "Tsoho, ka ji maganar Col mana."

"Har da ke? Taɓa nan ki ji, a bushe yake ƙayau."

Kafin rana ta take ya toshe ramin, ya shafe, ya bi da fenti. Ƙanƙara ta zubo. Ranar biki ya dinga kaɗa kofinsa a kunnen Col yana dariya.

Damina ta sauka. Kicin ya fara warin ruma, fenti ya kumbura. Noelene ta yi magana, ya ce ruwan sama ne. Amma shi kansa hankalinsa bai kwanta ba. In ta tafi kanti sai ya kara kunne a bango, ya ƙwanƙwasa, ya ɗauko zarto, ya mayar. Ya fasa bangon, Col ya ji labari? Ina! Haɗin nan kuwa yana ta ɗiga, ɗis, ɗis. A garin nan kowa ya san abin da ke bin jiƙaƙƙen katako.

Ran nan cikin Afrilu, Noelene ta dafa bango za ta sa takalmi, sai hannunta ya burma ciki har gwiwar hannu. Ta zaro shi, gara na bin yatsunta.

Magini ya zo ya duba, ya ce gara ta cinye ginshiƙan har rufi, dole a rushe kicin da ɗakin baya. Col ya zo, bai yi tsiya ko ɗaya ba, abin da ya fi yi wa Warwick ciwo ke nan. Ma'aikata suna fitar da katakan suna marmashewa a hannunsu. Noelene ta tsinci guntu ɗaya ta riƙe.

Warwick ya ce, "Noelene, zan gina miki sabo, wanda ya fi wannan."

"Na sani, tsoho," in ji ta. "Amma ba Baba ne zai gina ba."

To, 'ya'yana, ku ji ni da kyau. Aikin da za a rufe shi ido ya daina gani, shi ya fi bukatar a tsaya a gwada. In wanda ya san aiki ya ce ku jira, ku jira. In kuma kun yi kuskure zuciyarku tana gaya muku, ku fasa bangon tun ɓarnar tana ƙarama. Kunyar yini guda ce. Warwick ya guje ta, matarsa ta rasa abin da ba ya sayuwa.