Farin da Ya Ƙi Goguwa a Bakin Sumaila

Akwai wata baiwar Allah mai suna Adijatu da ta yi haihuwar fari a Sakasaka, cikin Tamale ta ƙasar Gana, a shekarar 1983. Waɗanda suka ga shekarar nan ba sa son a tuna musu. Damina ta ƙi, wuta ta cinye gonaki, mutane na wuni a layi kan mudun masara. Mijinta ya tafi kudu neman aiki, ya bar ta a hannun uwarsa, Mma Sanatu.

Jaririn, Sumaila, yana da sati uku ya fara ƙin nono. Ya kama, ya saki, ya tsala kuka. Harshensa da cikin kumatunsa suka yi fari fat. Ita ma Adijatu kan nononta ya yi ja, yana mata zafi kamar ana soka allura.

Mma Sanatu dai ba a gaya mata komai a kan jarirai. Rabin yaran unguwar ita ta yi musu wanka, kuma ba ta gajiya da faɗin haka. Ta sa Adijatu ta tatsa nono a ƙoƙo, ta jefa tururuwa ciki. In tururuwa ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu, ya lalace. Tururuwar ta mutu. Ni dai ban taɓa jin tururuwar da ta iya iyo ba, amma wa ya isa ya faɗa?

"Nononki ya zama guba," in ji tsohuwar. "Daga yau koko zai sha."

Kokon shekarar nan kuwa ruwa ne da aka nuna wa gari. Madarar gwangwani ko a kanti babu. Kwana biyu zawo ya kama yaron, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma nishi. Nono na jiƙa wa Adijatu riga, ɗanta na ƙarewa da yunwa a kan cinyarta. Wallahi ko yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

A ɗakin ƙarshe na gidan akwai wata 'yar kudu da ke haya, Anti Hagar, tsohuwar nas. Mma Sanatu ba ta da aiki sai kwaikwayon gurguwar Hausarta. Rana ta uku da hantsi, Adijatu ta saɓa yaron ta faɗa ɗakin Anti Hagar, surukar na biye tana zagi.

"Anti, ki taimake ni, zai mutu!"

Anti Hagar ta wanke hannu, ta naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, ta goga harshen yaron a hankali.

"Mma, zo ka duba. In nono ne, za ya goge. Wannan bai goge ba koraa, ko kaɗan, ƙasan shi ja ne. Bakin shi ke ciwo, shi ya sa ba ya sha."

Ta kwance masa zani, ga gindinsa ja wur da ƙananan ƙuraje. Sai ta rage murya.

"Adijatu, da kana da ciki, gaba ya yi ƙaiƙayi? Farin abu mai kauri ya fito, kamar kindirmo?"

Adijatu ta sunkuyar da kai ta fashe da kuka. Wata biyu ta yi tana fama, kunya ta hana ta gaya wa kowa.

"Ba abin kunya ba ne, 'yata. Kandida muke ce shi a asibiti, mata da yawa suna samu. Ciwo ɗaya ne, daga uwa zuwa bakin yaro, daga bakin yaro zuwa nono. Nonon ka mai kyau ne paa, sosai."

Magani ya yi wuya a lokacin, amma tana da guntun maganin shafawa mai launin shunayya a kwalba, na ƙarshe, ta kuwa fito da shi. Ta shafa wa yaron a baki, ta shafa wa uwar. Ta sa aka riƙa tatsar nono ana ɗiga masa da cokali, ta kuma raka su asibiti saboda zawon.

A rana ta huɗu Sumaila ya kama nono da bakinsa mai launin shunayya, bai saki ba. Har haɗiyarsa ana ji.

Mma Sanatu na tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Sai ta zauna a ƙasa.

"Anti," ta ce, "'yata ta fari, Ajara, haka bakinta ya yi. Aka ce nonona ne, aka raba mu. Kwana tara ta yi, ta rasu."

Anti Hagar ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu.

"Shekara talatin ina cewa ni na kashe ta," in ji Mma Sanatu.

Darasi: Daɗewa ana yin abu ba shi ne sani ba, kuma kada ka raina mai ilimi don yarensa ba naka ba ne. Farin da ya ƙi goguwa a bakin jariri, jan kan nono mai zafi, ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri, duk alamu ne na ciwon da yake da magani. A je asibiti, a daina ɓoyewa, kada a cire yaro daga nono. Ku tura wa iyaye mata da surukai, wataƙila wata na kuka a ɗaki yanzu haka.